Yadda Ake Girkin Zaƙi da na Gishiri a Kaskon Waful

Gidaje da dama akwai kaskon waful, wato na gasa kwaɓin fulawa ya fito da ramuka a jikinsa, ko dai ya shigo cikin kayan kicin na aure, ko an sayo shi don marmari, amma in kika duba sai ki tarar yana saman kabad cikin kwalinsa yana shan ƙura. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: an gwada sau ɗaya, kwaɓin ya kama, ya rabe biyu rabi a sama rabi a ƙasa, aka kankare da ƙyar, aka mayar da shi inda aka ɗauko. Wannan abu yana damuna, domin cikin kayan lantarkin da ake jera wa amarya kaɗan ne suka kai shi amfani. Yana gasa abu ta sama da ta ƙasa a lokaci guda, ba juyawa, ba tsomawa cikin mai, kuma 'yan ramukan nan na jikinsa suna ƙara yawan wurin da abinci ke taɓa ƙarfe mai zafi. Shi ya sa abin da ya fito daga cikinsa yake yin ƙaras-ƙaras a waje, cikin kuma da taushi. Wadda ta iya tuyar masa a tanda ta riga ta san rabin aikin: sai kasko ya yi zafi ake zuba mai, sai mai ya yi zafi ake zuba ƙullu, kuma ba a taɓa masa sai ta saki da kanta.

Kaskon nan tsohon abu ne a Turai. Tun ƙarnukan baya suna gasa kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu masu dogayen hannuwa a kan garwashi. A Amurka wani mutumin garin Troy da ke jihar New York, Cornelius Swartwout, ya yi rajistar irin nasa na ɗorawa kan murhu ranar 24 ga Agusta, 1869, na lantarki kuwa sai a farkon ƙarni na 20 ya shiga gidaje. Ƙasar da sunanta ya fi tafiya da waful ita ce Beljiyam, kuma iri biyu suka shahara da su: na birnin Burasel mai sakayau, da na birnin Liyaj mai nauyi da sukari a ciki. Za mu zo kan na biyun.

Ki san kaskonki kafin ki jona shi

Ki juya shi ki karanta rubutun da ke gindinsa. Abu biyu za ki nema. Na farko ƙarfin wutar da aka ƙera shi dominta. Wutar Najeriya, Nijar da Ghana tana tsakanin volt 220 da 240, ta Amurka kuwa 120 ce. Yawancin na gwanjo da suka fito daga Amurka 120 aka rubuta musu, in kika jona kai tsaye zai ƙone nan take, sai dai ki sami taransifoma mai rage wuta wadda za ta iya ɗaukarsa. Na biyu yawan wutar da yake ja. Ƙananan nan masu faɗin tafin hannu ba su wuce wat 350 ko makamancin haka, amma na gida sosai yakan ja daga 700 zuwa 1,200, wani ma ya fi. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi tare da firij ba, kuma yana zuƙe batirin sola da sauri. Ki jona shi a soket ɗin bango, kada ki haɗa shi da butar lantarki a siririyar wayar joni guda.

Akwai kuma wanda ba ruwansa da lantarki, na ƙarfe mai hannu da ake ɗorawa a kan gas ko risho ana juyawa. Ga wadda unguwarsu ba a samun wuta, shi nake ba da shawarar a saya. Duk abin da ke ƙasa zai yiwu a cikinsa, sai dai ki zafafa kowane gefe tukuna, sannan ki juya a tsakiyar gashi.

Sai zurfin ramuka. Mai zurfi, wanda ake kira na Beljiyam, yana cin kwaɓi da yawa kuma ya fi dacewa da abu mai tashi. Mara zurfi ya fi gasa dankali, shinkafa da burodi, domin zafi yana ratsa su da wuri.

Abin da ke hana kamu

Ki kunna ki rufe, ki bar shi ya yi zafi sosai. 'Yar fitilar da ke kansa takan canza ko ta mutu in ya kai, amma ki ƙara masa minti biyu bayan haka. Ki yarfa ɗigon ruwa a kai, in ya yi cuu ya ƙafe nan da nan, ya yi. Sannan ki tsoma buroshi ko naɗaɗɗen tsumma mai tsabta a man gyaɗa ki shafa sama da ƙasa, ki tabbata ya shiga lunguna. Mutane suna shafa ƙasa su manta da sama, kuma saman ne yake fara riƙe abu. Ko da kaskon mai baƙin shafen nan ne da ke hana kamu, ki shafa kafin zubin farko, sannan duk abin da ba shi da mai a cikin kwaɓinsa ki shafa kafin kowane zubi.

Kada ki cika. Ki zuba a tsakiya ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na faɗin, murfin zai baza sauran. In kika cika zai tsiyayo ta gefe ya shiga mahaɗar murfin, wurin da ya fi ko'ina wuyar gogewa.

Babban abin kuma shi ne tururi. Da kin rufe za ki ga yana fita ta gefe da ƙarfi. Wannan ruwan kwaɓin ne yake ƙonewa, kuma muddin yana fita da yawa, cikin bai nuna ba, wajen bai yi ɓawon da zai saki ƙarfe ba. Ki jira sai ya ragu ya zama ɗan siriri. Sannan ki ɗaga murfin a hankali. In kika ji yana turjewa, ki mayar ki ƙara minti ɗaya. Kusan duk rabewar da ake kuka da ita daga buɗewa da wuri take.

Kwaɓin asali

Kofin da nake nufi shi ne na awo mai cin mililita 240 zuwa 250. In babu shi, ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ɗaya da rabi ya kusa kofi guda. Za ki tanadi fulawa kofi 2, bekin foda babban cokali 1, sukari babban cokali 2 ko 3, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai 2, madara kofi 1 da kashi uku cikin huɗu, narkakken bota ko man gyaɗa sulusin kofi zuwa rabi, da filebon banila ƙaramin cokali 1. In madarar gari ce, ki dama babban cokali 6 a wannan adadin na ruwa. In ta gwangwani ce, rabi madara rabi ruwa.

Ki fara da tankaɗe fulawa tare da bekin foda, gishiri da sukari a roba mai faɗi. In kina son ya ƙara ƙaras-ƙaras, ki ɗebe fulawa babban cokali 4 ki maye gurbinsu da kwanfulawa. A wata robar ki fasa ƙwai, amma ki ware gwaiduwa daban, farin daban. Robar da farin zai shiga ta zama busasshiya, ba maiƙo ko kaɗan, in ba haka ba ba zai tashi ba. Ki haɗa gwaiduwa da madara, filebo da man. In bota ce ki bari ta huce tukuna, madarar kuma kada ta zama mai sanyin firij, don sanyi yana sa bota ta daskare ta yi gudaji.

Yanzu ki zuba ruwan cikin garin ki juya, amma juyi kaɗan. Da zarar ba ki ganin busasshiyar fulawa, ki tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Dalili shi ne fulawar alkama tana da danƙo, kuma duk yadda aka tuƙa ta danƙon nan yana ƙara tashi. A burodi ana son haka, a waful kuwa shi yake sa ya yi tauri yana jan haƙori. Sai ki buga farin ƙwan da maburgi ko injin bugu har ya yi fari fat, ya yi kumfar da in kin ɗaga maburgin za ta tsaya da tsininta. Ki zuba kashi ɗaya cikin uku ki juya don kwaɓin ya saki, sauran kuma ki sa ludayi kina ɗebowa daga ƙasa kina kifewa a sama a hankali, don kada iskar ta fice. Ki bar kwaɓin ya huta minti 10, daidai lokacin da kaskon yake zafi.

Kaurin da ake so: in kin ɗebo da ludayi ya zubo a jere ba tare da ya tsinke ba, kuma in ya sauka ya ɗan tsaya kafin ya baje. Ki zuba, ki rufe, kada ki danna. Minti 4 zuwa 5 ya kan isa, amma tururin shi ne alƙali. Ki cire da tsinken katako ko cokalin roba mai jure zafi, kada ki kusanto da cokali mai yatsu na ƙarfe. Wannan awon zai ba ki kamar 6 zuwa 8, gwargwadon girman kasko.

Inda za ki ajiye shi yana da muhimmanci kamar gashin. In kika jibga su a faranti ɗaya kan ɗaya, ko kika zuba a kula kika rufe, tururinsu zai jiƙa su, duk wahalarki ta tafi. Ki jera su a kan ragar waya, iska tana ratsa ƙasa.

In sauri kike yi, ki fasa ƙwan gaba ɗaya ba warewa. Zai yi daɗi, sai dai ba zai yi sakayau kamar wancan ba. Kuma in kina da kindirmo ko nono mai ɗan tsami, ki yi amfani da shi a madadin madara, ni a wurina ya fi. Sai ki rage bekin foda zuwa ƙaramin cokali 2, ki ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali, domin tsamin nonon ne yake tayar da sodar. In kindirmon ya yi kauri ki sassauta shi da ruwa kaɗan.

Na zaƙi

Daga kwaɓin nan abubuwa da yawa suke fita. Ayabar da ta nuna lugub har ɓawonta ya yi baƙi, wadda yara suka ƙi, ki dame guda 2 ki zuba, ki rage madara da kwata kofi, ki sa garin kirfa kaɗan. Tana ƙara ruwa da zaƙi, don haka ki rage zafi kaɗan ki ƙara minti ɗaya. Gogaggiyar kwakwa rabin kofi, ko soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, su ma suna shiga ba tare da an canza komai ba. Mai son cakulan ta ɗebe fulawa babban cokali 4 ta sa garin koko, ta ƙara sukari cokali 2.

Wajen abin zubawa a kai, ba sai kin nemi ruwan zaƙin kwalba da ake shigowa da shi ba. Zuma ta wadatar. Ko ki cire ƙwallon dabino kamar 10, ki jiƙa dabinon a ruwan zafi kofi ɗaya na minti 20, ki markaɗa da ɗan gishiri. Ko ki narka mazarƙwaila da ruwa kaɗan da yankan citta a wuta har ta ɗan yi danƙo, ki tace. Lokacin mangwaro kuwa, yankakken mangwaro da yogot mai kauri ya ishe ki.

Burodin da ya kwana ya bushe shi ma kada a zubar. Ki kaɗa ƙwai 2 da madara rabin kofi, sukari cokali 1 da kirfa, ki tsoma yanka mai kauri ki juya ki cire nan da nan, kada ya sha ya yi laɓo-laɓo. Ki shafa bota a kasko, minti 3 ya yi.

Sai na Liyaj, wanda ake sayarwa da zafinsa a titunan Beljiyam ana ci a hannu, ba a zuba masa komai. Shi ba kwaɓin ruwa ba ne, curi ne mai yis. Ki jiƙa yis ƙaramin cokali 1 da rabi a madara mai ɗumi mililita 100 da sukari cokali 1, ki bar shi ya yi kumfa. Ki zuba a fulawa giram 250, wato kusan kofi 2, da ƙwai 1 da ɗan gishiri, ki kwaɓa. Sannan ki riƙa sa bota mai taushi giram 125 kaɗan-kaɗan kina murzawa har ta shige. Zai yi danƙo yana kama hannu, haka ake so, kada ki ƙara fulawa. Ki rufe ya tashi ya ninka, kamar awa ɗaya, lokacin zafi ma ba ya kaiwa, da hunturu kuwa ya wuce.

Asirinsa wani sukari ne mai manyan ƙwayoyi da ba ya narkewa da wuri. Samunsa da wuya a kasuwanninmu, amma sukarin kwali na shayi yana tsayawa a madadinsa: ki zuba giram 100 zuwa 125 a tsumma ki ɗan bubbuga da muciya ya farfashe zuwa girman ƙwayar masara, ki tankaɗe garin ki ajiye don wani amfani. Sai curin ya gama tashi za ki zuba shi, in kika sa tun farko zai narke. Ki raba gida 6 ko 7, ki mulmula, su huta minti 15. Ki gasa a matsakaicin zafi, minti 3 zuwa 5. A nan dole ki tsaya a kai, domin sukarin da ya taɓa ƙarfe yana narkewa ya yi ja ya lulluɓe wajen, kuma tsakanin jan nan da ƙonewa mai ɗaci ɗan lokaci ne. In kaskonki ba shi da maɓallin rage zafi, ki riƙa kashewa kina kunnawa. Kada ki ɗauka da hannu, kuma ki hana yara kaiwa baki nan take, narkakken sukari yana ƙuna fiye da tafasasshen ruwa.

Na gishiri

In za ki yi duka biyun rana ɗaya, ki fara da na zaƙi, don ƙamshin albasa yana zama a kasko. Banda na Liyaj, shi ne na ƙarshe saboda sukarin da yake bari.

Mafi sauƙi shi ne ki koma kwaɓin asali, ki bar sukari ƙaramin cokali 1 kawai, ki cire filebo, ki zuba yankakken lawashi, jajjagen attaruhu, masoro, da dafaffen niƙaƙƙen nama ko kifin gwangwani da aka tsiyaye. In kin maye rabin fulawar da garin masara mai laushi, zai yi garɗi sosai, ya kuma dace da miyar ƙwai ko farfesu. A kudancin ƙasar Amurka da wasu biranenta har da soyayyar kaza suke cin waful, su zuba ruwan zaƙi a kai.

Amma wanda nake so kowa ta fara gwadawa shi ne na dankalin turawa, domin a nan ne kaskon yake nuna bajintarsa. Ki fere matsakaita guda 3, ki goga a manyan ramukan magogi, ki goga rabin albasa a kai. Ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali ki bar shi minti 5. Sannan ki juye a tsumma mai tsabta, ki tattare bakin, ki murɗa da iya ƙarfinki. Za ki yi mamakin ruwan da zai fita. Ki sake murɗawa. Wannan matsar ita ce girkin gaba ɗaya, domin dankalin da ba a matse ba dahuwa yake yi cikin ruwansa, ya fito fari, jagab. In kin tara ruwan a kwano, ki bar shi ya kwanta ki tsiyaye, za ki ga farin sitaci a ƙasa, ki kankaro shi ki mayar cikin dankalin, yana taimakawa wajen haɗe shi. Ki fasa ƙwai 1, ki sa fulawa cokali 1, masoro, attaruhu, da mai cokali 2. Ki shafa wa kasko mai sosai, ki baza dankalin da kauri kamar santimita ɗaya da rabi har gefe, don shi ba ya bazuwa da kansa. Ki rufe, a nan kam ki danna. Zai ci minti 10 zuwa 12, kuma kada ki leƙa kafin minti 8. In ya yi, zai fito guda, ja, gefensa yana karyewa. Kada ki goga dankalin ki ajiye, yana yin baƙi da ya sha iska. Dankalin Hausa ma yana yi, sai dai zaƙinsa yana sa shi saurin ƙonewa kuma bai kai wancan ƙaras-ƙaras ba. Doya da rogo kuwa ki dafa su tukuna ki marmasa, musamman rogo, wanda ɗanyensa yake da guba.

Ƙullun ƙosai yana gasuwa da kyau, kuma ga wanda likita ya ce ya rage soye-soye wannan hanya ce mai kyau. Ki surfa wake kofi 2 ki wanke, ki markaɗa da albasa da attaruhu da ruwa kaɗan ƙwarai, ya fi na tuya kauri. Ki buga shi sosai ya yi sakayau, sannan ki sa gishiri. Tunda ba cikin mai zai shiga ba, sai ki kai masa man: babban cokali 3 a cikin ƙullun, in kina so da ƙwai 1. Matsakaicin zafi, minti 6 zuwa 7. Ki ɓara na farko ki ɗanɗana tsakiyar, in akwai gafin ɗanyen wake ki rage yawan zubi ki ƙara lokaci. Gaskiya ɗanɗanonsa ba zai zama na ƙosan da aka tsamo daga mai ba, yana tsakanin ƙosai da alale, amma da koko ko kunun gyaɗa da yaji ba wanda zai bar shi.

Ƙullun masa shi ne ya fi bukatar haƙuri. Ki yi shi yadda kika saba, shinkafar tuwo kofi 2 da ta jiƙu, dafaffiya rabin kofi, a markaɗa, yis ƙaramin cokali 1, ya tashi. Ki sa sukari, gishiri, albasa, da ɗan ruwan kanwa ko bekin foda. Bambancin kawai ki bar shi da kauri fiye da na tanda, ki zuba mai cokali 2 a ciki, kuma ki shafa wa kasko mai kafin kowane zubi. Shinkafa ba ta da danƙon alkama, ba kuma ƙwai a ciki, don haka in kika buɗe kafin minti 6 za ta rabe. Tana tafiya da miyar taushe, tana tafiya da zuma.

Ragowar abinci kuma nan ne wurinsa. Dafa-duka ko soyayyar shinkafa da ta kwana a firij, kofi 2 da ƙwai 1 ko 2, a cakuɗa, a danna cikin kasko, minti 7 zuwa 8, sai ta fito duk jikinta ƙanzo. Sharaɗin dai shinkafar ta shiga firij da wuri tun jiya, wadda ta kwana a waje cikin zafi gashi ba ya gyara ta. Tuwon masara da ya kwana ya sandare, ki yanka shi fale-fale da ɗan kauri, ki shafa mai gaba da baya ki gasa har ya yi ɓawo, ki ci da miyar jiya. Awara ki yanka da kaurin yatsa, ki tsane ruwanta da tsumma, ki shafa mai da yaji, minti 5 zuwa 6. Ƙwai kuwa, ki kaɗa guda 2 da albasa da tattasai, ki zuba, ki rufe ba dannawa, minti 2 ya nuna. Yana kumbura sosai, don haka rabin abin da idonki ya ce za ki zuba.

Ɗanyen nama ne ba na so a saka. Kaskon ba shi da hanyar da kitse zai tsiyaye, sai ya taru ya gangara wajen wayoyin wuta, kuma waje yakan yi ja alhali ciki bai nuna ba. In dole ne, ya zama siriri ƙwarai. Niƙaƙƙen naman sa yana bukatar cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, kaza kuma 74. Dafa shi daban sannan a haɗa ya fi kwanciyar hankali.

Gogewa da ajiya

Ki zare wayar daga soket kafin komai. Na lantarki ba a tsoma shi a ruwa, sai dai in farantansa masu cirewa ne, ki cire su kaɗai ki wanke. Tun yana da ɗumi, ki share ɓurɓushi da busasshen buroshi, ki tsane man da ya taru da tishu. In akwai abin da ya kama, ki jiƙa tsumma ki matse, ki shimfiɗa a ciki ki rufe minti 5, tururin zai tausasa shi, sai ki naɗa tsumma a kan tsinke ki bi layukan. Soson ƙarfe da toka da wuƙa duk suna kankare shafen, kuma in ya kankaru shi ke nan, kamu ya zauna. Don haka ma kada ki bar shi a kunne ba komai a ciki na dogon lokaci, zafin da ya wuce kima yana lalata shafen.

Sukarin na Liyaj yana da tasa dabarar. Ki dama kwanfulawa babban cokali 3 da ruwa rabin kofi, ki zuba a kaskon yana da zafi, ki rufe ya gasu har ya bushe. In kin ɗaga zai taho da ƙonannen sukarin a jikinsa, sai ki zubar ki goge. Na ƙarfe zalla kuwa, bayan wanki ki ɗora a wuta ya bushe, ki shafa mai kaɗan kafin ki rataye, don tsatsa.

Waful ɗin da ya rage, ki bar shi ya huce sarai a kan raga, ki sa takarda tsakanin kowane biyu, ki ɗaure a leda. Yana kwana 2 ko 3 a firij, a firiza kuwa yana kai wata biyu in wuta tana tsayawa. Wanda kika san ajiyewa za ki yi, ki cire shi bai gama yin ja ba. In an tashi ci, ki mayar da shi cikin kaskon, ki daidaita ramukansa da na ƙarfen, minti 1 zuwa 2 in daga firij ne, minti 3 in daga firiza. In baƙi kike jira kuma kina son duka su fito da zafi tare, ki kunna obin a digiri 100 ki jera su a kan ragarsa har ki gama zubin ƙarshe.